Majalisar Dattawan Texas, Inda Mai Guduma Ba Sanata Ba Ne

Daga Houston zuwa Austin tafiyar kusan awa uku ce a mota, kuma da yake 'yan Najeriya sun yi kaka-gida a Houston, baƙo ba ya rasa mai rage masa hanya. Abin da ya kai ni Austin a watan Afrilun 2025 wani abu ne da ba mu da irinsa a gida, wato majalisar dattawa ta jiha. A wurinmu kowace jiha majalisa ɗaya gare ta, mai mambobi daga 24 zuwa 40 kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tsara, sanata kuwa sai Abuja. A Amurka jihohi 49 cikin 50 majalisa bibbiyu suke da su. Nebraska ce kawai ta koma majalisa ɗaya tun 1937, har yau kuma ba ta samu mabiyi ba.

Ginin majalisar Texas da jan dutse aka yi shi, an kammala shi a 1888, kuma mutanen jihar ba sa gajiya da gaya wa baƙo cewa ƙubbarsa ta ɗara ta Washington tsawo. Shiga kyauta ne, babu mai tambayar ka wa ka sani a ciki. Za ka bi ta na'urar bincike, sai dai in kana da lasisin riƙe bindiga, nan fa akwai layinka daban da ya fi sauri. Na tsaya na ƙara kallon wannan layi, don a tunanina mai bindiga shi ya fi cancantar a laluba.

Zauren dattawan yana hawa na biyu ta ɓangaren gabas, baƙi kuma suna zama a barandar da ta kewaye shi daga sama. Tebura 31 ne a ƙasa, na katako, tun na zamanin da aka buɗe ginin. An jera ƙwayayen fitilun rufi yadda za su rubuta sunan jihar. A bangon baya akwai manyan zane-zane biyu na Henry McArdle, ɗaya na yaƙin Alamo, ɗaya na San Jacinto, yaƙe-yaƙen 1836 da suka raba Texas da Meziko. Babu allon lantarki na ƙirga ƙuri'a irin na majalisar wakilai da ke ɗaya ɓangaren ginin. Sakatariyar majalisa ce ke kiran sunaye. Wuri ne mai natsuwa, har ka ɗauka ba a komai.

Sanata 31 ga jihar da girmanta ya kai kashi uku cikin huɗu na Najeriya, mutanenta kuma sun haura miliyan 29 a ƙidayar 2020. Kowane sanata ke nan yana wakiltar mutum kusan 940,000, fiye da abin da ɗan majalisar wakilai ta tarayya daga Texas yake wakilta a Washington. Wa'adinsu shekara huɗu ne, ana zaɓen rabinsu duk bayan shekara biyu. Idan aka sake shata mazaɓu bayan ƙidaya, dukansu suke tsayawa zaɓe, sannan a yi ƙuri'ar sa'a a ga wa zai fara da shekara biyu, wa zai fara da huɗu.

Albashinsu dala 7,200 ne a shekara, wato 600 a wata, abin da ba zai biya hayar ɗaki a Austin ba. Akwai alawus na dala 221 a kowace ranar zama, da fansho mai kauri ga wanda ya daɗe. Kafin mai karatu ya yi tafi ya ce ga masu tsoron Allah, ya lura da irin mutumin da zai iya ajiye sana'arsa wata biyar ya tare a Austin kan wannan kuɗi: lauya mai ofishin kansa, ɗan kasuwa, likita, mai gonar shanu. Malamin firamare ba zai iya ba. Arhar majalisa ma tana da nata tsadar.

Zaman kansa gajere ne. Sau ɗaya suke haɗuwa a shekara biyu, daga Talata ta biyu ta watan Janairu a shekarar da lambarta ba ta rabuwa biyu, kuma kwana 140 ne iyaka. Bayan haka sai in gwamna ya kira zama na musamman, wanda ba ya wuce kwana 30, shi ne kuma ke faɗin abin da za a tattauna. Da gangan aka yi haka. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin jihar na 1876 sun fito ne daga mulkin Gwamna Edmund Davis na bayan yaƙin basasa, wanda suka tsana, sai suka ƙudura cewa ba za a sake samun gwamnati mai ƙarfi a Austin ba. Suka taƙaita majalisa, suka yayyanka ikon gwamna suka rarraba wa wasu zaɓaɓɓu. A cikin wannan kwana 140 ne ake zartar da kasafin shekara biyu, wanda na 2025 ya kai kusan dala biliyan 338.

A da, bambancin majalisun biyu a fili yake. Dokar jihar ta hana kowace gunduma samun sanata fiye da ɗaya komai yawan jama'arta, don haka Houston da duk cunkosonta sanata ɗaya gare ta, ƙauyuka ke riƙe da zaure. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Reynolds da Sims, ta yanke cewa dole majalisun jiha duka biyu su bi yawan jama'a. Da aka sake shata mazaɓu, Houston ta samu ƙarin kujeru, ɗaya daga ciki Barbara Jordan ta ci a 1966. Ita ce baƙar fata ta farko da ta shiga zauren tun 1883, hotonta kuma yana rataye a ciki yanzu. To amma tun daga hukuncin nan tambaya ta taso: in majalisun biyu mutane ɗaya suke wakilta ta hanya ɗaya, mene ne amfanin ta biyun? Amsar da aka saba bayarwa ita ce ta dattawa birki ce, ƙarama ce, mambobinta sun fi daɗewa, ba ta da garaje. Da wannan amsa na hau baranda.

Mutumin da ke zaune a kan dandamali da guduma a hannu ba ya cikin 31 ɗin nan. Mataimakin gwamna ne, Dan Patrick, tsohon mai gabatar da shiri a rediyon Houston, wanda ke riƙe da kujerar tun Janairun 2015. Mai karatu ya cire hoton mataimakin gwamna irin namu, wanda sau da yawa aikinsa bai wuce wakiltar maigida wurin ɗaurin aure da ta'aziyya ba. A Texas zaɓensa daban, na gwamna daban, ba tikiti ɗaya ba ne, har sukan fito daga jam'iyyu mabambanta. Lokacin da George Bush ƙarami na jam'iyyar Republican ya zama gwamna a 1995, Bob Bullock na Democrat ne ke riƙe da gudumar, kuma sai da Bush ya iya zama da shi kafin ya ga biyan buƙata.

Shi mataimakin gwamna ne ke naɗa kowane kwamiti da shugabansa. Shi ke cewa wannan ƙuduri ya tafi wancan kwamiti, kuma kowa ya san akwai kwamitin da in takarda ta shiga ba ta fitowa. Babu sanatan da zai buɗe baki a zaure sai ya ba shi dama. Yana cikin shugabanni biyu na hukumar da ke tsara daftarin kasafi. Ƙudurorin da ya fi so su ake bai wa ƙananan lambobi, don kowa ya gane na maigida ne. Ƙuri'a kuwa ba ya kaɗawa sai an yi kunnen doki. Abin lura, yawancin ikon nan ba a tsarin mulki yake ba. Sanatocin ne da kansu suke miƙa masa shi a cikin dokokin zaure da suke amincewa da su a farkon kowane zama, da rinjaye mai sauƙi. A takarda suna iya karɓewa gobe. A aikace wa zai fara ɗaga hannu, alhali wanda zai rage wa iko shi zai raba kwamitoci mako mai zuwa?

Ana buɗe zama da addu'a, malamin addinin da aka gayyato ranar ne ke yi, galibi fasto. A 2007 wani limami daga Dallas ya yi ta, Dan Patrick kuma, yana sabon sanata a lokacin, ya bar zauren. Bayan addu'a sai a ɗauki lokaci mai tsawo ana karrama baƙi: 'yan makarantar da suka ci gasa, tawagar wata gunduma, likitan da ya zo aikin sa kai na ranar. Sanata zai tashi ya gabatar da mutanensa, su miƙe a baranda, a yi tafi, a ɗauki hoto. Wannan kam ba baƙon abu ba ne gare ni.

Da aka shiga aikin doka ne na lura da wata jimla da kowane sanata ke maimaitawa. Ba wanda ke cewa ga ƙudurina a karanta. Kowa roƙo yake a jingine tsarin jerin aiki domin a ɗauko nasa. A ƙa'ida ana ɗaukar ƙudurori ne bi da bi, yadda suka fito daga kwamiti. Sai dai a farkon zama akan sa wani ƙuduri maras muhimmanci a sahun gaba, a bar shi nan da gangan, ba mai niyyar taɓa shi har a tashi. Duk wani ƙuduri na gaske yana bayansa ke nan, kuma tsallake layi sai da rinjaye na musamman. Shekaru da dama wannan rinjaye kashi biyu cikin uku ne, sanata 21. Ma'ana sanata 11 in suka haɗa kai, sun isa su hana a ko tattauna magana. Wannan dabara ce ta sa ake kiran majalisar dattawan Texas gidan sulhu, don mai rinjaye ba ya motsi sai ya nemi wasu daga ɗaya ɓangaren, sanatocin ƙauye kuma kan yi amfani da ita su kare kansu daga na birni.

A 2015 'yan Republican suna da kujeru 20, ɗaya ta rage musu su kai 21. Makon farko na shugabancin Patrick aka mayar da ƙa'idar kashi uku cikin biyar, wato 19. Bayan zaɓen 2020 kujerunsu suka dawo 18. Da aka dawo zama a Janairun 2021 sai aka sake mayar da ita kashi biyar cikin tara. Ba sai ka yi lissafi ba, 18 ne. Patrick bai ɓoye dalili ba, hujjarsa ita ce jama'a sun zaɓi masu rinjaye domin su yi mulki, ba domin 'yan tsiraru su riƙe musu ƙafa ba. Hujja ce da za a iya karewa. Amma ma'aunin da mai awo ke rage wa baki duk ranar da hatsinsa ya gaza, ba ma'auni ba ne kuma. A zaman 2025 suna da 20, 'yan Democrat 11, don haka maganar ba ta ko taso ba.

Shi ya sa muhawarar da na gani daga baranda ba ta da zafi. Mataimakin gwamna ba ya kiran sanata ya gabatar da ƙuduri sai ya tabbata ƙuri'un sun cika, an riga an ƙirga su a ofis. 'Yan adawa za su yi tambayoyi cikin ladabi, su kawo gyare-gyare, a kayar da su ɗaya bayan ɗaya da lamba kusan iri ɗaya, a buga guduma. Tsarin mulki ya ce a karanta ƙuduri a ranaku uku daban-daban, amma kashi huɗu cikin biyar na iya ɗage wannan sharaɗi, kuma in ba a jayayya a kan abu, cikin 'yan mintoci ake karatu na biyu da na uku. Gaskiya ita ce yawancin dokokin da ke fita daga zauren ba na rigima ba ne, kowa da kowa ke amincewa da su.

Inda na ga rai shi ne a ɗakunan kwamiti, da yawansu a sabon ɓangaren da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa aka buɗe a 1993. Duk mutumin da ya ga dama zai rubuta sunansa a na'ura, ya nuna ko yana goyon bayan ƙuduri ko yana adawa, ya jira a kira shi. Minti biyu ko uku ake ba shi. Manomi da malamar asibiti da lauyan kamfani duk kujera ɗaya suke zama, wani ya kwana a hanya, wani ya jira har dare. Ko maganarsu tana sauya ƙuri'a, wannan wani zance ne, amma ana ɗaukar ta a bidiyo a ajiye a intanet, da sunan kowa da matsayinsa. Wannan ɗaya na yi wa jihohinmu kwaɗayinsa.

Makamai biyu suka rage wa marasa rinjaye, dukansu na wahala. Na farko doguwar magana don cinye lokaci, wadda ba ta da amfani sai a ƙarshen zama. Sharuɗɗanta masu tsauri ne: sanata zai tsaya a teburinsa, ba zama, ba jingina, ba ci, ba sha, ba fita bayan gida, ba kauce wa batun ƙudurin. In aka kama shi da laifi sau uku, zaure na iya katse shi. Bill Meier ya yi awa 43 a haka a 1977. Wadda duniya ta fi sani ita ce Wendy Davis, ranar 25 ga Yunin 2013, ranar ƙarshe ta wani zama na musamman, kan ƙudurin tsaurara dokar zubar da ciki. Ta yi kusan awa 11 tana magana. Cikin laifuffuka ukun da aka lissafa mata har da cewa wani sanata ya taimaka mata ɗaura abin tallafar baya. Da aka katse ta, mutanen baranda suka ɗauki ihu har sha biyun dare ta gota, ƙuri'ar ta zama ta bayan lokaci. Gwamna Rick Perry ya kira wani zaman, aka zartar da dokar a watan Yuli. Makonni kaɗan ta saya da ƙafafunta.

Na biyu gudu. Zaure ba ya aiki sai kashi biyu cikin uku na mambobi suna nan, wannan kuwa a tsarin mulki yake. A 1979 sanatoci 12 suka ɓace don hana wani ƙudurin sauya ranar zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa. Yawancinsu a wani ɗan ɗaki suka cunkushe cikin Austin, 'yan sandan jiha na ta farautarsu, har suka kamo ɗan'uwan wani sanata bisa kuskure. Bayan 'yan kwanaki mai guduma na lokacin, Bill Hobby, ya haƙura. A 2003 wasu 11 suka tsallaka Albuquerque ta jihar New Mexico kan shata mazaɓu, suka yi sama da wata guda, sai ɗayansu, John Whitmire, wanda yanzu shi ne magajin garin Houston, ya dawo gida. Adadi ya cika, taswira ta wuce.

Akwai ayyukan da majalisar dattawa kaɗai ke yi. Ita ke tabbatar da naɗe-naɗen gwamna da kashi biyu cikin uku, kuma bisa al'ada in sanatan mazaɓar mutum ya ce bai yarda da shi ba, sauran ba sa tsallake shi. A 2019 'yan Democrat 12 suka ƙi amincewa da David Whitley a matsayin sakataren jiha, bayan ofishinsa ya fitar da jerin dubban masu zaɓe da ya yi shakkar zamansu 'yan ƙasa, jerin kuma ya fito cike da kurakurai. Ba yadda aka iya, ya ajiye aiki a ƙarshen zaman. Wannan lamba ta kashi biyu cikin uku ta yi aiki ne saboda tana cikin tsarin mulki, taɓa ta sai an samu sanata 21 da wakilai 100, sannan a kai wa jama'a su kaɗa ƙuri'a.

Ita ce kuma kotun tsige manyan jami'ai. Majalisar wakilai ke tuhuma, dattawa su yi shari'a. Haka aka cire Gwamna James Ferguson a 1917, ko da yake matarsa Miriam ta ci kujerar a 1924. A watan Mayun 2023 majalisar wakilai, wadda 'yan Republican ke da rinjaye a cikinta, ta tuhumi ɗan jam'iyyarsu, babban lauyan jiha Ken Paxton, da ƙuri'a 121 da 23, kan zargin amfani da ofis don taimaka wa wani attajirin dillalin gidaje. Matarsa Angela sanata ce. Aka hana ta ƙuri'a amma aka lissafa ta cikin adadi, don haka sai an samu 21. Patrick ne alƙali, kuma kafin shari'ar wata ƙungiyar siyasa mai goyon bayan Paxton ta ba asusun kamfen ɗinsa dala miliyan 3, miliyan ɗaya kyauta, biyu rance. A watan Satumba aka wanke Paxton daga tuhuma 16, babu wadda ta samu fiye da ƙuri'a 14. Da gama hukunci alƙalin ya yi jawabi daga kan dandamali yana caccakar majalisar wakilai. Wanda ya tuna yadda majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa a 1981 zai ce gara a raba mai tuhuma da mai hukunci. Na yarda. Sai dai rabawar ba ta hana siyasa shiga ta ɗaya ƙofar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Texas ta yau birkin ya koma ɗaya ɓangaren ginin. Majalisar wakilai mai mutum 150, wadda aka ce ita ce mai garaje, ita ke jan ƙafa. Shirin bai wa iyaye kuɗin gwamnati su kai 'ya'yansu makarantun kuɗi ya sha wucewa a zauren dattawa yana mutuwa a na wakilai, inda 'yan Republican na karkara ke haɗa kai da 'yan Democrat don kare makarantun gwamnati na garuruwansu. Sai a 2025 ya wuce, da dala biliyan ɗaya, bayan Gwamna Greg Abbott ya taimaka an kayar da da dama daga cikin masu adawar a zaɓen fid da gwani. A shekarar ce kuma Patrick ya dage kan haramta kayan maye da ake sarrafawa daga ganyen wiwi, majalisun biyu suka amince, Abbott ya hau kujerar naƙi a watan Yuni bayan an tashi, lokacin da babu zauren da zai iya juya hukuncinsa.

Mu ma mun taɓa yin majalisa biyu a ƙasa da matakin tarayya. Jihar Arewa tana da Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna a Lugard Hall da ke Kaduna, har juyin mulkin Janairun 1966 ya share su. Waccan ta sarakuna aƙalla wani abu daban take wakilta, ko mutum ya so shi ko bai so ba. Ta Texas ba ta da wannan hujja tun 1964, abin da ya bambanta ta shi ne dokokin zaurenta, su kuma mutum 16 sun isa su sauya su. Ba zan ba kowace jiha tamu shawarar ƙara zaure na biyu ba. Zauren da muke da shi ma ba mu gama ƙwato shi daga hannun gwamnoni ba. Majalisar dattawan Texas za ta koma zama na yau da kullum a Talata ta biyu ta Janairun 2027. Mai son sanin yadda zaman zai kasance kada ya ɓata lokaci kan jawaban buɗewa, ya duba sanata nawa dokokin zaure suka ce ana buƙata kafin a ɗauko ƙuduri, ya kwatanta da yawan kujerun jam'iyya mai rinjaye.